Waƙa Ta Riga Mawaƙi Tafiya: Me Ya Hana Matasanmu Rangadin Duniya?

A watan Maris na 2022 wani matashi ɗan garin Benin, Rema, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Rave & Roses, yana ɗan shekara 21. Kundin na fita ya kama hanya, yana bin biranen Turai da Amurka ɗaya bayan ɗaya, har a watan Nuwamba na 2023 ya hau dandamalin O2 Arena da ke Landan, zauren da ke cin mutum kusan 20,000. A watan Yuni na 2024 Tems ta bi sahu da nata kundin na farko, Born in the Wild, ita ma ta ratsa nahiyoyi da shi. A wajen mawaƙan Legas abin ya zama tsari: ka fitar da kundi, ka bi shi da rangadi.

Wanda duk ke ratsa layukan masu waya da kayan sauti a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka raɗa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, ya san irin waƙoƙin da ke tashi daga lasifikun shaguna. Muryar Umar M. Shareef ce, ko ta Hamisu Breaker, ko Ado Gwanja, ko gambarar DJ AB. Mutanen garin ba su rasa mawaƙa ba, mawaƙan kuma ba su rasa masoya ba. Shi ya sa duk ranar da hoton wani ɗan Kudu ya cika wayoyi yana tsaye gaban dubban Turawa, sai tambaya ɗaya ta taso a bakin samarin layin: to namu fa, sai yaushe?

Amsoshi biyu aka saba bayarwa. Wasu su ce Hausa ba ta sayuwa a waje. Wasu su ce 'yan Kudu ne suka riƙe kamfanoni suka danne mu. Kowacce da ɗan abin kamawa a cikinta, amma ba su kai ga gindin magana ba. Abin da nake gani shi ne, waƙar Hausa ta fi ta yawancin harsunan Afirka nisan tafiya, kuma ta daɗe tana yi. Abin da ba mu gina ba shi ne hanyar da mawaƙi zai bi bayan waƙarsa da ƙafarsa, ya karɓi ladan aikinsa daga hannun talakan da ke sauraronsa, gari bayan gari, bisa tsarin da shi ya shirya.

Yadda ake ɗaura rangadi

Kafin a yi ƙorafi ya kamata a san abin da ake magana a kai. Rangadin waƙa irin na su Rema ba tafiya ce ta wanda aka gayyata ba. Aiki ne na kasuwanci da ake soma shiryawa watanni kafin kundin ya fito. Kamfanin da ke riƙe da mawaƙi, kamar Mavin da ya reni Rema, yana duba alƙaluman manhajojin sauraro ya ga biranen da aka fi jin yaronsa. Daga nan wani dillali na musamman, wanda sana'arsa ke nan, ya tuntuɓi masu shirya wasa a kowane birni. A kama zaure, a sa rana, a rattaba hannu kan yarjejeniya: ga abin da za a biya mawaƙi ko mutane sun zo ko ba su zo ba, ga kason da zai samu in tikiti ya wuce wani adadi, ga wanda zai ɗauki nauyin masauki da mota da kayan sauti. A jera biranen yadda tafiyar za ta yi sauƙi, a buga jadawalin gaba ɗaya a fitar, a soma sayar da tikiti tun ranar wasa tana nesa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: sabon mawaƙi ba ya farawa da babban zaure. Yakan fara da ɗakin da ke cin 'yan ɗaruruwa, ko ya riƙa buɗe wa wani babba fili na minti ashirin ko talatin. Rangadin farko sau da yawa ba ya kawo riba. Kamfani na ɗaukar asarar ne don ya san wanda ya sayi tikiti bana zai jawo abokansa baɗi. Kundi na tallar rangadi, rangadi na tallar kundi, su biyun kuma suna tallar sunan mawaƙi. Ganin irin wannan ribar ta nesa ce ta sa kamfanin Universal Music ya sanar da sayen kaso mafi tsoka na Mavin a watan Fabrairu na 2024.

Tsarin na da haɗarinsa in aka yi sakaci. A watan Disamba na 2022 mutum biyu suka rasu sakamakon turmutsitsi a ƙofar zauren Brixton na Landan, daren wasan Asake, watanni kaɗan bayan fitar kundinsa na farko. Tara jama'a amana ce, kuma wanda ya sayar da tikiti ya ɗauki alhakin rai.

Tafiyar da aka daɗe ana yi

Mu koma gida. Tun kafin a haifi waɗannan yaran, Alhaji Mamman Shata da 'yan kalangunsa sun ratsa Afirka ta Yamma, sun kai har Turai da Amurka kafin rasuwarsa a 1999. Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa ɗan ƙarami, ya shiga ƙasashe da dama yana wakiltar Nijeriya. Daga Maraɗi, Sa'adu Bori ya sa Arewacin Nijeriya rawa da kiɗansa. A nan Kaduna, Bala Miller ya tara makaɗan zamani masu busa da gita da ganguna, ya mayar da Costain Club wurin da ake zuwa jin waƙar Hausa a kan kiɗan ƙungiya. Fita waje ba baƙon abu ba ne a wurin mawaƙin Hausa.

Kaduna ce ma ta share wa da yawansu hanya. Gidan rediyon da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, wanda duniya ta sani da Rediyon Kaduna, ya riƙa jefa muryoyin makaɗa zuwa nesa ta gajeren zango. Bahaushen Kumasi da na Damagaram da na Garwa suka san Ɗanƙwairo da Haruna Uji da Barmani Coge ba tare da sun taɓa ganin fuskarsu ba. Da kaset ya zo sai kasuwa ta karɓi aikin. Wanda ya shigo Babbar Kasuwa sarin atamfa ko kayan koli, kafin ya nufi tasha sai ya biya ta wurin masu kaset ya sayi biyu ko uku. Direban babbar mota ya sa a rediyonsa, a wani garin a kwafa, a wani a sake kwafa. Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka ɗauki waƙar a bayansu, muryoyi irin na Misbahu M. Ahmad da Fati Nijar da Sadi Sidi Sharifai suka shiga gidajen da ko wutar lantarki ba su da ita sai ta janareto.

Sai dai duk wannan tafiyar a kan al'adar roƙo da ubangida ta ginu. Makaɗin da, sarki ne ko attajiri ke riƙe da shi. In ya je wani gari, wajen wani mutum ya je: ya sauka gidansa, ya wasa shi, ya karɓi riga da doki, daga baya mota da kujerar Makka. Jama'a kuwa kyauta suke kallo, wanda ya ji daɗi ya yi kari. Tsari ne da ya ciyar da manyan fasihai, ba kuma abin rainawa ba ne. Amma ya bar mana gado guda: kunnen Bahaushe ya saba da cewa waƙa ba abin saye ba ce, wani babba ne ke biya kowa ya ji.

Teburin mai turi

Kaset ya tafi, faifan CD ya bi shi, yanzu zamanin turi ne. Ga yadda abin yake a kusa. Teburi ne ɗan ƙarami a bakin shago, da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda murfinta ya sha selotef, da tarin igiyoyin caji kala-kala, da lasifika ɗaya da ke kiran masu wucewa. Ɗan acaɓa ko mai ɗinki ya zo ya zare memori daga wayarsa ya miƙa, ya ce a zuba masa sababbi. Mai turi ya tambaya, na soyayya ko na biki ko bege? Ya buɗe jaka bayan jaka, kowacce da sunan mawaƙi, ya ja ya zuba. Cikin 'yan mintuna mutum ya tafi da waƙoƙi fiye da abin da zai iya saurara a mako, a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Kafin dare ya tura wa abokansa ta Bluetooth ko Xender, ko sisi ba ta sake motsi ba.

Ba na ganin mai turi a matsayin abokin gabar mawaƙi. Shi ne ya kai waƙa inda data ba ta isa, kuma ba wanda ya fi shi sanin abin da jama'a ke so, domin a gabansa ake zaɓa. Matsalar ita ce cinikin a teburinsa yake ƙarewa. Mawaƙin da ya biya kuɗin sitidiyo da mai fiyano da mai ɗaukar bidiyo, ba abin da ke komawa aljihunsa, kuma ba ya samun ko labarin inda waƙarsa ta kai. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta yi tanadi mai kyau a takarda, amma har yanzu ba ta zama abin da ake ji a jika a layin masu waya ba.

Intanet ta ɗan gyara lamarin. YouTube da Audiomack da Boomplay sun buɗe ƙofa, Spotify ya shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2021, TikTok kuma ya zama dandalin da waƙa ke tashi cikin kwana biyu. Kowa ya tuna yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona, da yadda Warr ta Ado Gwanja ta yi a 2022. Amma kuɗin da waɗannan manhajoji ke biya ya danganta da ƙasar da mai sauraro yake, da ƙarfin talla da kuɗin rajista a can. Kallo dubu daga Kaduna ko Maraɗi ba ya kawo abin da kallo dubu daga Landan ke kawowa. Ga shi kuma mafi yawan masu jin waƙar Hausa ta memori suke ji, ba sa cikin lissafin kowace manhaja. Saboda haka in dillalin wasa na waje ya duba alƙaluma, sai ya ga mawaƙinmu ƙarami, alhali in ya sauka Yamai sai an sa jami'an tsaro sun buɗa masa hanya.

Wannan ne ya sa kundi ya rasa ƙarfinsa a wajenmu. Akwai masu riƙe da al'adar, irin su Nura M. Inuwa da aka sani da fitar da kundi a kai a kai. Amma matashin da ke tasowa ya fi ganin riba a waƙa ɗaya da za ta tashi, wadda za ta jawo masa kiran biki, ko waƙar amarya da ango da za a biya shi nan take, ko ta ɗan siyasa in kakar zaɓe ta zo. Wanda bai tara waƙoƙi goma masu alaƙa da juna ba, da me zai riƙe dandamali na awa ɗaya da rabi?

Gayyata daban, rangadi daban

Duk da haka mawaƙanmu na fita. Kowace sallah, ƙarama da babba, za ka ga hotunansu a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas, a unguwannin Nima da Sabon Zango na Akara, a Kumasi da Tamale, a Garwa da Ngaundare da unguwar Briketeri ta Yawunde, a Njamena, har da Saudiyya da Dubai. Sha'irai masu bege su ma suna da nasu zagayen a watan Maulidi. Wannan fita ce ta gaske zuwa ƙasashen waje, kuma jama'ar da ke taruwa ba kaɗan ba ce. Amma mu duba yadda take gudana.

Wani mai shirya wasa ne, ko ƙungiyar matasa, ko attajirin da ke aurar da 'ya, zai kira waya. A yi ciniki da baki, a turo rabin kuɗi, a ce sauran sai an iso. Mawaƙi ya taso da yaransa biyu ko uku da filashi a aljihu. An rubuta ƙarfe takwas a fosta, ba za a fara ba sai sha ɗaya ta gota. Masu barkwanci da 'yan rawa da ƙananan mawaƙan gari su yi ta cika lokaci. In tauraro ya hau, DJ ya saki waƙar yadda take a sitidiyo, da muryar da komai, shi kuma ya riƙa bi sama-sama yana miƙa wa jama'a makirfo. Ana cikin baiti na biyu sai wani mai hali ya taso da ƙunshin sababbin kuɗi, a tsayar da kiɗa, a kira sunansa da na mahaifinsa, a yi liƙi. Yaro ɗaya na durƙushe yana tattarawa cikin leda. A haka za a taɓa waƙa biyar ko shida, ba wadda aka kai ƙarshenta. Washegari a nufi gida, ko a tsaya jiran cikon kuɗin da wataƙila ba zai fito ba.

Jama'a sun ji daɗi, mawaƙi ya samu na cefane, wani lokacin ma fiye da haka. To amma me aka gina? Ba a san mutum nawa suka shiga ba. Ba takardar da za a nuna wa wani kamfani gobe a ce ga shaida. Wanda ya biya kuɗin ƙofa ya tsaya a baya bai samu cikakken wasa ba, domin hankalin dandamali na kan kujerun gaba. Garin da za a je kuma ba mawaƙi ne ya zaɓa ba, wanda ya kira ne. Gayyata tana zuwa ne lokacin da tauraronka ke haske, ta ɗauke ranar da wani ya fito. Rangadi kuwa kai ke shirya shi, kuma shi ke mayar da mai sauraro na wucin gadi ya zama naka na shekaru.

Darasi daga maƙwabta

Masu cewa harshe ne ya tare mu, su dubi Nijar. Mdou Moctar, Buzu ne daga jihar Tawa. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da kiɗan da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da su. Kundin bai bi ta hannun wani kamfani ba. Ta memori da Bluetooth ya bazu a cikin Sahara, daidai yadda waƙoƙinmu ke bazuwa. Wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayoyin mutane, ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya nemo mai ita. Daga nan Mdou Moctar ya soma zagayen ƙananan wurare a Turai da Amurka, shekara bayan shekara, har kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Da harshen Buzaye yake waƙa, wanda masu jinsa ba su wuce kaso kaɗan na masu jin Hausa ba. Haka ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda Hausa na cikin harsunan da take waƙa da su, ta zagaya Amurka bayan fitar kundinta Kaani a 2013.

Wani abin lura: kamfanin Sahel Sounds ɗin nan ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. Ke nan kunnen waje ya ji namu, ya kuma so shi. Me ya sa ɗaya ya zama rangadi, ɗayan ya tsaya a faifai? Babban dalili shi ne Mdou Moctar na da abin da zai ɗora a dandamali: gita a hannunsa, mai ganga a bayansa, da shekarun da suka yi suna kaɗawa a bukukuwan aure har hannuwansu suka san juna. Waƙarmu ta zamani kuwa a cikin sitidiyo aka haife ta, kan fiyano ɗaya da kwamfuta, kuma ba mu yi ƙoƙarin fito da ita ta tsaya da ƙafarta ba. Baturen da bai jin Hausa ba zai sayi tikiti don ya kalli mutum na bin filashi ba. Amma zai saya don ya ga kalangu na magana, 'yan amshi na karɓa, murya na fita daga ƙirji. Waɗannan kuwa muna da su tun kaka da kakanni. Mu muka ajiye su muka ce na tsofaffi ne.

Duwatsun da ke kan hanya

Ba a ce hanyar a share take ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, amma siyasa na iya rufe ƙofa dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an sake rufewa har Maris 2024, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairu 2025. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya raba mawaƙa da ɗimbin Hausawan can. A cikin gida ma, matsalar tsaro ta sa tafiyar dare da kayan kiɗa a wasu hanyoyin Arewa maso Yamma ta zama kasada.

Sai batun kuɗi. Tun da aka saki naira a Yuni 2023 darajarta ta zube, daga wajen 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Tikitin jirgi da kayan sauti sun yi tsada. Amma wannan na da ɗaya fuskar: sefa, wadda ke ɗaure da yuro, ta ƙara nauyi a hannun ɗan Nijeriya, don haka wasan Maraɗi ko Garwa ya ƙara daraja. Turai da Amurka kuwa sai da bizar da ta halatta yin wasa don kuɗi, ba ta yawon buɗe ido ba. Amurka na da nau'in biza na musamman ga masu fasahar gargajiya, amma sai wani a can ya shigar da takarda a madadinka, kuma a Afrilu 2024 kuɗin shigar da ita ya tashi daga dala 460 zuwa sama da 1,000. Abin da jami'an biza ke nema shi ne shaida: yarjejeniyoyi, rahotannin jarida, tarihin wasannin baya. Wato daidai abubuwan da cinikin baki ba ya bari.

Akwai kuma matsayin mawaƙi a idon al'umma. Tun kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 ake ja-in-ja kan iyakar rawa da shiga da cuɗanyar maza da mata. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 kan kundin bidiyonsa Bahaushiya, ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda fitowarta a bidiyon waƙar Classiq. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, sakamakonsu ɗaya ne a kasuwa: mai kuɗin Arewa na jin nauyin a ce ya zuba jari a waƙa, ko da kuwa yana liƙi a biki. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin tafiyar makonni daga gari zuwa gari na buƙatar yardar gida da kariyar da ba a tanada ba. Wannan ba ya warwaruwa da zagin juna. Yana warwaruwa ne in aka ga wasan da ake farawa da wuri a tashi da wuri, wanda magidanci zai iya zuwa da iyalinsa ya fita bai ji kunya ba.

Daga ina za a fara

Fatake ba sa tashi daga Kano su ce sai Gwanja a yini ɗaya. Zango-zango suke bi, kuma a kowane zango suna da mai masauki da suka sani, wanda zai karɓe su baɗi. Matashin da ke shirin fitar da kundinsa na farko a Kaduna, haka ya kamata ya yi tunani.

Ya fara da kundin kansa: waƙoƙin da aka yi don a rera su a gaban mutane, da makaɗa huɗu ko biyar da za su yi watanni suna gwaji tare, a haɗa fiyano da gita da kalangu ko kukuma. Ya buɗe alƙaluman YouTube da Audiomack ɗinsa ya ga garuruwan da ake jinsa, sannan ya zauna da masu turi, domin su ke riƙe da labarin da manhaja ba ta gani. Babu laifi ma a mayar da su wakilai: a ba su kundin da izini, su sayar da tikiti su ɗauki kasonsu, tunda su ne ke da jama'a a hannu. Ya jera garuruwa bisa hanya, misali Kaduna, Zariya, Katsina, a ƙetara ta Jibiya zuwa Maraɗi, a wuce Ƙonni da Dosso a ƙare a Yamai, inda akwai wurare irin su cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda da aka gina don irin wannan. Ya zaɓi ƙaramin zaure da zai cika a kan babban fili da zai zama rabi. Kowane wasa da takardar yarjejeniya, da ƙidayar waɗanda suka shiga, da bidiyo mai kyau. Liƙi kuma a ware masa lokacinsa, kada ya cinye haƙƙin wanda ya sayi tikiti.

Wanda ya yi haka sau biyu ko uku, ya ƙara da Ghana da Kamaru, zai wayi gari da abin da mawaƙan Hausa na zamani kaɗan ne ke da shi: ƙungiyar da ta goge, da tarihin da ke rubuce, da jama'ar da ta saba biya. A ranar ne masu shirya bukukuwan kiɗa na Turai za su same shi a shirye, jami'in biza kuma ya ga abin dubawa. Ƙofar Legas ma ba a rufe take ba, tunda Namenj ya fito ta shirin emPawa na Mr Eazi, Di'ja kuma ta yi zamaninta a Mavin. Amma wanda ya je can da jama'arsa a bayansa, da shi za a yi ciniki, ba alfarma za a yi masa ba.

Aikin bai tsaya kan mawaƙa kaɗai ba. Ana buƙatar matasan da za su ɗauki shirya wasa da riƙon mawaƙi a matsayin sana'a ta ilimi, lauyoyin da suka san haƙƙin mallaka, injiniyoyin sauti, da 'yan kasuwar da za su gane cewa miliyoyin masu jin Hausa daga Akara zuwa Jidda kasuwa ce kamar ta shinkafa da atamfa. Gwamnatocin jihohi su ma suna da abin yi, ko da samar da zaure mai tsaro da farashin haya mai sauƙi ne. Mu masu sauraro kuma mu yarda cewa wanda ya faranta mana rai ya cancanci mu biya shi da hannunmu, ba sai mun jira wani Alhaji ya biya a madadinmu ba. Ranar da talaka dubu suka sayi tikitin matashi ɗaya a Kaduna, wasu dubu suka saya a Maraɗi, wasu a Kumasi, ranar ce mawaƙin Hausa zai daina jiran kira, ya soma buga jadawalinsa da kansa.